Akuyar Dutse Ta Shanye Man Jikinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da faratan da har yanzu baƙin mai bai fita daga cikinsu ba, ni da iyalin gidanmu muke sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motarmu, Akuyar Dutse, wadda ta cika a tsakar gida da hantsi, tana kururuwa, makullinta yana hannuna, yayana yana kwance a ƙarƙashinta.

Na ce makullinta yana hannuna, kuma haka nake nufi. Na murɗa shi, na zare shi, na ɗaga shi ina kallo kamar wawa, ita kuwa ba ta ma san an yi ba. Ƙararta sai hawa take yi. Wani ihu ne siriri, wiiii, irin wanda ke shiga ta haƙori ya fita ta ƙeya. Farin hayaƙi ya turnuƙe gidan har ba na ganin ƙofar ɗakina. Babu taya ko ɗaya a jikinta, a kan kututtura muka ɗora ta, kututturan kuma rawa suke yi. Da idona na ga na gaba, na hannun hagu, ya tuntsura ya kwanta. Motar ta sauko a kansa, ta karkace. Sai na ji muryar Yaya daga ƙasa, a shaƙe.

"Auta, ta danne ni! Kashe ta!"

"Na kashe, Yaya! Ta ƙi mutuwa!"

Zan faɗi yadda ta ƙare. Amma haƙƙin mamaciya ne a san ko wace ce ita tukuna.

Marigayiyar ta shigo gidanmu ina rarrafe. Baba ne ya kawo ta, bayan ya gaji da tuƙa manyan motoci, kuma ko a lokacin ta riga ta ga duniya a hannun wasu. Gajeriya ce mai dogayen ƙafafu, tana ja da ƙafa huɗu. Innarmu, Allah ya ji ƙanta, ita ta raɗa mata suna, ta ce ba ta taɓa ganin abin da ke hawa komai kuma yake cin komai irinta ba in ba akuya ba. Da na girma na kama sana'ar gyaran famfunan rijiyoyi a ƙauyukan bayan duwatsu, sai Baba ya miƙa mini makulli. Hanyoyin can ba hanyoyi ba ne, sawun ruwa ne da sawun shanu. Ita kaɗai take zuwa ta dawo.

Ta kasance mai haƙuri da juriya. Ba ta taɓa kwana da mutum a daji ba. Ta sha ciro sababbin motoci masu ƙyalli daga taɓo, ba ta taɓa yi musu gori ba. Ranar da matata take naƙudar fari, kogi ya cinye gada, ita ta shiga ruwan har wuya ta fito da mu a ɗaya gaɓar tana tsiyaya kamar kare. Ba za mu yi mata ƙarya ba don ta mutu: ƙofar direba sai ta waje take buɗewa, gilashin baya igiya ke riƙe da shi, hon ɗinta kuwa, meeek, kamar tunkiya mai mura. Amma duk ƙauyen da aka ji meeek ɗin nan, mata sun san yau za a sha ruwa.

Jinyarta ta daɗe. Injinta na fetur ya fara da tari da safe, kof-kof-fuuu, daga nan ya koma shan mai kamar yana gaba da mu. Ranar da ta mutu a tsakiyar hawa ta fara gangarowa da baya, da ni da bututaina, ranar na san abin ya wuce addu'a da canjin fulogi. Makanikai suka ce a sayar da ita a huta. Yaya, wanda walda ce sana'arsa kuma bai taɓa yarda akwai ƙarfen da ya fi ƙarfinsa ba, ya ce dashen zuciya za a yi mata, kuma a gida.

Muka samo tsohon injin dizal daga wata motar ɗaukar kaya da ta daɗe a kwance, kaji suna ƙwai a kujerarta. Injin ya girmi marigayiyar. Baba ya shafa shi kamar ya haɗu da tsohon aboki, ya ce irin wannan ba ruwansa da wayoyi, in ya tashi ya tashi. Da mun san yadda maganar nan za ta tabbata, da ba mu yi tafi ba.

A ƙarƙashin mangwaron tsakar gida aka yi aikin. Muka rataya sarƙa a reshe, reshen yana kuka muna ba shi haƙuri. Yaya ya yanke mazaunin tsohon injin ya ƙera sabo. Ya tura lagireto gaba. Bonet ya ƙi rufuwa, muka cire shi muka jingine da katanga. Tayoyi ma muka cire don a ƙara wa ƙafafun gaba ƙarfi, saboda sabon baƙon ya fi tsohon nauyi nesa ba kusa ba. Matata ta rasa kwanukanta ɗaya bayan ɗaya, duk sun cika da notuna, ta ce in aikin ya ƙare ita ma a yi mata dashen tsakar gida. Sai kaskon da baƙin mai ke taruwa a ciki, a ƙasan injin, ya riƙa dukan ƙarfen da ke riƙe tayoyin gaba. Yaya ya yanka kaskon ya sake masa fasali. Sandar da ake tsomawa a duba mai ta ƙi shiga har ƙarshe, sai ya datse ta da niyyar ya yi mata sabuwar alama daga baya. Ya zuba mai daidai awo, ya ci gaba da sabgarsa. Bai faɗa wa kowa ba, domin babban wa ba ya kai wa ƙane rahoto.

A nan dole in bayyana wata doka ta gidanmu, wadda ba a taɓa faɗinta da baki ba. Ƙane ba ya tambayar wansa, ka yi kaza? Tambayar nan raini ce. In ka ga yayanka ya manta abu, sai ka lallaɓa ka yi, ka ja bakinka ka yi shiru, ya tashi ya tarar komai daidai. Haka muka taso, haka muke zaune lafiya. Saboda haka da safen ranar, Yaya ya fita shan shayi, na tsoma sandar na ciro ta a bushe ƙarau. Na ce Yaya ya manta. Na ɗauko jarkar baƙin mai na juye mata duka, na ɓoye jarkar a bayan ƙofa, ina jin daɗi na rufa wa yayana asiri.

Da hantsi Yaya ya shiga ƙarƙashinta da sifana, zai ɗaure salansa ya kuma duba ko akwai inda ke yoyo. Ya ce in tayar. Na murɗa makulli.

Jama'a, ta yi magana. Guɗu-guɗu-guɗu-guɗu. Murya mai kauri, mai natsuwa, irin ta dattijuwar da ta warke. Baba yana kan kujerarsa a inuwa, ya cire tabarau ya goge ido. Matata ta bar wankin da take yi ta miƙe tana murmushi. Wannan ita ce maganar kirki ta ƙarshe da muka ji daga bakin marigayiyar. Tana ɗaukar zafi sai muryar ta fara tashi da kanta, ba wanda ya taɓa totur. Guɗu-guɗu ta koma girrrr, girrrr ta koma wiiii.

To, mun dawo inda na tsaya.

Na jefar da makulli na fizge kan batir. Ko gezau. Na warci wuƙar matata na yanke tiyon dizal, man ya feso mini a fuska. Ta ƙara ihu. Mota babu makulli, babu batir, babu dizal, tana gudu a tsaye kamar za ta tashi sama. Kututturen da ya kwanta kuwa mulmulalle ne, kowace jijjiga sai ya ɗan mirgina waje. In ya fita, ƙarfe ne zai sauka a ƙirjin Yaya gaba ɗaya.

Baba ya iso kusa da ni, ban san lokacin da ya baro kujera ba. Ya kama kunnena ya yi ihu a ciki.

"Man jikinta take sha! Ba za ta tsaya ba sai ta shanye ko ta fashe! Toshe mata hanci!"

Ba mu riga mun ɗaura matatar iska ba, bututun da take shaƙa a buɗe yake. Na tuɓe rigata na cusa. Ta haɗiye ta. Ta yi tari ɗaya, kuf, ta tofar da zare ta salansa, ta ci gaba. Sai wani abu ya yi fiit ta gefen kunnena, har na ji iskarsa. Fiffiken fanka ne ya ɓalle, ya tsallake katanga ya yi titi. Can nesa na ji kamar gilashi ya tarwatse. Wallahi a lokacin ko gari ne ya tarwatse ba ruwana.

Matata ta rugo da katakon da take yanka albasa a kai. Na miƙa hannu zan danne bakin bututun da shi, amma bututun yana can ciki, sai na jingina da gefen hagu, gefen da ya karkace. Ina ɗora ƙirjina a kanta Yaya ya saki wata ƙara da ban taɓa jin irinta daga bakin namiji ba. Na ja da baya. Kututture ya ƙara mirginawa.

"Saura ruwa," in ji Baba. Idonsa ya yi ja. "In ta sha ruwa ba za ta ƙara tashi ba har abada. Kuma za ta yi tsalle kafin ta mutu. Ku kawo taya!"

Baba, wanda rabonsa da ɗaga bokiti tun kafin a yi mini aure, shi da matata suka gangaro da ɗaya daga cikin tayoyinta, suka kwantar, suka tura ta da ƙafa a ƙarƙashin kusurwar da ta karkace. Ta shiga da ƙyar. Tsakanin tayar da ƙarfen motar akwai 'yar tazara, ba ta fi kaurin yatsu biyu ba. Ko ƙirjin Yaya zai iya ba da yatsu biyun nan, babu wanda ya sani.

Na durƙusa na leƙa. Cikin hayaƙi na hango fuskarsa, ta kumbura, jijiyoyin wuyansa sun fito.

"Yaya, fitar da duk iskar da ke cikinka! Ruwa zan zuba mata!"

"Kada ka kuskura!" Da ƙyar maganar take fita. "Aikina ne! Nemo katako mai tsawo! Auta, na ce kada ka zuba!"

Tun da aka haife ni ban taɓa jin Yaya ya ce kada, na yi ba. Ko sau ɗaya. Hannuna ya tsaya da kansa. Na dubi Baba, Baba ya kau da kai, domin shi ma ba zai ƙaryata babban ɗansa a gaban ƙarami ba. Na dubi motar da ta kai ni makaranta, ta kai ni neman aure, ta ƙetare kogi da ɗana yana ciki. Na dubi kututturen. Saura ƙiris.

Matata ta dangwara mini bokitin wankinta a ƙirji, da kumfa da komai.

"Baban yara, in ba ka iya ba ni!"

Na ɗaga bokitin, na tsaya nesa yadda ba zan taɓa jikinta ba, na watsa a bakin bututun.

Maganarta ta ƙarshe kalma ɗaya ce. GWAM.

Ta yi tsalle. Kututturen ya fice kamar an harba shi, ya daki tukunyar fure. Ta faɗo a kan tayarta da dukkan nauyinta, wani abu ya yi ƙas a can cikin ƙashin bayanta. Baƙin mai mai zafi ya ɓarke daga gefen injin ya malala. Daga nan sai shiru, irin shirun da ke sa kunne ƙara.

"Yaya?"

Babu amsa.

"Yaya!"

Matata ta ɗora hannu a ka. Baba ya zauna a ƙasa cikin man. Na kwanta rub da ciki na miƙa hannu cikin hayaƙi, na taɓa kafaɗa, na taɓa wuya, ina neman inda ke bugawa, yatsuna ba sa jin komai. Sai aka yi tari. Sai aka ja numfashi mai ƙara kamar zuga-zugi.

"Wa ya ce ka zuba?"

Ban taɓa jin faɗa mai daɗi irin wannan ba.

Maƙwabta, waɗanda hayaƙi ya riga ya tara a ƙofar gida, suka shigo da katakai suka ɗaga ta, muka jawo shi ta ƙafa. Likita ya ce haƙarƙari ya tsage, man ya ƙona masa ƙwauri, amma zai tashi. Ita kuwa, Yaya da kansa ya tabbatar da rasuwarta bayan an dawo da shi. Ya sa aka riƙe shi ya zagaya ta. Ya ga ramin da ƙarfe ya huda a cikin injin, wanda dunƙulen hannu zai shiga. Ya ga ƙashin bayanta ya rabu a inda tsatsa ta daɗe tana ci. Mutumin da bai taɓa cewa ƙarfe ya gagare shi ba ya ce a rufe ta da tamfol.

Binciken musabbabin rasuwa matata ce ta gudanar da shi, da tsintsiya. Ta share mai har ƙofar kicin, ta tsaya ta riƙe ƙugu ta ce wannan man ba na mota ɗaya ba ne. Ta shiga ɗaki-ɗaki. Ta fito da jarkar Yaya daga cikin kayan waldarsa. Ta fito da tawa daga bayan ƙofa. Ta ɗan jima, sai ga ta da wata, babba, daga ƙarƙashin gadon Baba. Ta jera su a gabanmu, duk babu komai ciki.

Ashe lokacin da na shiga wanka, Baba ma ya lallaɓo ya tsoma sandar. Ya gan ta a bushe, domin guntuwar sanda ko kogi ne a ciki ba za ta taɓo shi ba. Ya ce yaran nan sun manta, kuma ba zai kunyata babba a gaban ƙarami ba. Ya juye tasa ya koma kujera. Man ya cika ya tumbatsa, ya bi ta hancinta, ta same shi ya fi dizal daɗi. Marigayiyar ba ta mutu da sakaci ba. Kulawa ce ta yi mata yawa.

Yaya ya fara dariya, haƙarƙarinsa ya hana shi. Ya daɗe yana kallona, hannunsa a ƙirji.

"Auta, daga yau ka riƙa tambayata. Kai ma kana da baki a gidan nan."

Marigayiyar ta rasu ta bar tayoyi cikin ƙoshin lafiya, har da wadda ta tare ta a faɗuwar ƙarshe. Ta bar bonet, wanda bai halarci rasuwar ba saboda yana jingine da katanga. Ta bar tsohon injinta na fetur, wanda muka raina, yana zaune a lungu bai ce mana komai ba, kuma shirunsa ya fi zagi ciwo. Ta bar hon ɗinta, da makulli wanda yanzu ba ya buɗe komai, da ƙauyukan bayan duwatsu da ba su san ba za su ƙara jin meeek ba. Ta bar mana Yaya da ransa. Abin da ba a samu ba shi ne rigata da fiffiken fanka ɗaya.

Za a yi mata wanka da kananzir gobe da safe a ƙarƙashin mangwaron da aka yi mata aiki. Daga nan motar janwe za ta ɗauke ta zuwa filin masu sayen tsohon ƙarfe da ke bayan gari, inda za a sada ta da makwancinta. Hon ba zai bi ta ba, Baba ya ce a ɗakinsa zai zauna. Ana karɓar gaisuwa a tsakar gida, amma a taka a hankali, ƙasa tana da santsi. Masu zuwa duba Yaya kada su ba shi dariya. Makanikan da za su zo ta'aziyya muna roƙonsu su bar sifana a gida, mun san halinku, gawa ba ta tsira a gabanku. Wanda kuma ya san abin da zai fito daga bakinsa shi ne ai da kun sayar da ita, ya yi zamansa, mun yafe masa zuwa. Baba yana so a binne ta cikakkiya, don haka duk wanda ya tsinci fiffiken fanka a titin bayan gidanmu, ya taimaka ya kawo.

Ina rubuta layin nan na sama aka yi sallama.

Wani dogon mutum ne, ban taɓa ganinsa ba, farar rigarsa ko ƙura ba ta taɓa ba. Ya tsallake man da ke ƙasa ba tare da ya duba ba. Ta ƙofar da ya bari a buɗe na hango doguwar baƙar mota, gilashin gabanta ya zama kamar saƙar gizo-gizo, da wasu ƙarti biyu a tsaye a gefenta, irin waɗanda ba sa amsa gaisuwa. Ya ciro wani abu naɗe a hankici, ya warware a hankali, ya ajiye a kan teburina. Fiffiken fanka ne.

"Na bi gida-gida," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "An ce nan ake makoki. Maigidana yana cikin mota, yana so ya yi wa mai gawar ta'aziyya da kansa. Wane ne?"

Na juya wajen Baba. Baba, wanda yanzun nan yake magana, ya fara minshari. Na juya wajen Yaya, kamar yadda na saba tun ina rarrafe. Yana jingine a ƙofar ɗaki da bandejinsa. Ya dubi ƙartin nan biyu, ya dube ni, ya gyara tsayuwa.

"Auta, ai na ce kana da baki a gidan nan. Amsa wa baƙo."

Jana'iza tana nan gobe kamar yadda aka tsara. In an taru ba a gan ni ba, a fara kawai.